Taurin da Ba Ya Shiga Kyamara

Yanzu in ka je filin ƙwallon kwando da la'asar sakaliya a nan Wudil, kafin a taɓa ƙwallo sai an nemi inda za a jingina waya. Wani ya ɗora ta kan takalmi, wani ya ba ƙaninsa ya riƙe. Daga nan sai dire-dire, a bugi ƙirji, a zare ido, a yi ruri kamar bajimi a kara ranar Juma'a. Da daddare ka ga bidiyon a TikTok da kiɗa, wai ana gina taurin jiki da na zuciya. Ni da na yi wasan nan har gwiwa ta zaunar da ni, abin bai kwanta mini ba.

Ba wayar nake ƙi ba. Albarkacinta yaron da bai taɓa leƙa ɗakin wasanni na Ƙofar Mata ba ya san yadda Stephen Curry yake sakin ƙwallo. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an ɗauki azaba a matsayin tauri. Da idona na ga wani koci, ba sai na kama suna ba, ya sa yara zagaya fili da tsakar rana cikin bazara, siminti na ƙuna ta cikin takalmi, ya kuma hana su ruwa, wai haka ake zama namiji. Ɗaya ya yanke jiki ya faɗi, aka ce raki ne. Bai sake dawowa ba, kuma duk ya fi su hannu. Wasu kuma sai sun haɗiyi maganin kashe ciwo sun kora da lemon ƙara kuzari kafin su shiga fili. Ciwo ɗan aike ne. In ka rufe masa baki, gwiwar ba ta fasa lalacewa ba.

Mai son ganin tauri ya tsaya kan gadar Wudil da sassafe ya dubi masu yashi. Mutum ya nutse, ya ɗago da bokiti, ya juye a kwalekwale, ya koma. Ba ihu, ba mai ɗaukar hoto. Ya san lokacin fitowa ya sa wani abu a cikinsa, don gobe ma aikin na jiransa. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yau don a gani, jibi yana kan tabarma.

Shi ma wasan haka yake. Zango huɗu ne, kowane minti 10, kuma daƙiƙa 24 kacal ƙungiya take da ita ta yi jifa. Ka yi laifi biyar, ka fita. To mai saurin hasala da rafari, mai rama gula, ina amfanin ƙwanjinsa yana kan benci? A wurina jarrabawar zuciya ɗaya ce: saura minti guda, an fi ku da maki ɗaya, an yi maka keta, rafari ya miƙo maka ƙwallo a kan layi. Ƙafa na rawa, numfashi na sarƙewa, 'yan kallo na yi maka ature. Kwandon yana nan inda yake, mita 3.05, bai matsa ba. Wanda ya yi wannan jifa sau dubbai cikin gajiya shi zai zura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai kuma tsaron gida, durƙuson nan da ke sa cinya ta ɗau wuta, wanda ba mai sa shi a bidiyo don ba ya jawo tafi.

Yara kan kawo mini Hakeem Olajuwon a matsayin hujja: ai da azumi a bakinsa ya yi wasa, har NBA ta zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan. Gaskiya ne. Amma ibada ya yi, ba burga ba, kuma jikin da ya ɗauki wannan nauyi an yi shekara da shekaru ana gina shi da abinci, barci da atisaye mai tsari. A gida ma, da Kano Pillars ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016, ai ba da zare ido ta samu ba.

Akwai wani siririn yaro, ɗalibi a jami'ar Aliko Dangote da ke nan garin. In kowa ya watse yana duba wayarsa, shi sai ya koma layi ya yi jifa hamsin, yana ƙirgawa a hankali. Jiya talatin da ɗaya suka shiga. Bai ce komai ba, ya sha ruwa, ya sake tsayawa. Ni nake tsinto masa ƙwallon, har aka kira magariba.