Ƙasusuwan Dainoso da Tambayar da Aka Yi wa Ayuba

A gidan tarihi na ƙasa da ke birnin Yamai akwai ƙasusuwan waɗansu dabbobi masu girman ban tsoro, waɗanda aka tono daga hamadar Nijar. Masana suna kiransu dainoso, sunan da Richard Owen na Ingila ya laƙaba musu a 1842. Ɗaya daga cikin waɗanda aka samu a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, ita ce Nigersaurus, mai haƙora wajen 500. Yaron da ya ga irin waɗannan ƙasusuwa ranar Asabar, ya zo Makarantar Lahadi washegari, ba makawa zai tambaya inda suke cikin Littafin Farawa. Amsar da muka ba shi tana iya tsayar da shi, tana kuma iya sa shi tuntuɓe.

Amsar da ta fi yaɗuwa a yau daga Amurka ta fito. A 1961 John Whitcomb da Henry Morris suka wallafa littafi a kan ruwan tsufana, suna cewa shi ne ya binne yawancin halittun da ake tonowa cikin duwatsu. A 2007 ƙungiyar Answers in Genesis, ƙarƙashin Ken Ham, ta buɗe gidan nuni a jihar Kentaki domin ta sa wannan koyarwa a gaban ido. A can ana koyar da cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 da 'yan kai ba, an halicci dainoso a rana ta shida tare da Adamu, ganye suke ci kafin shigowar zunubi, Nuhu kuma ya shigar da ƙananansu cikin jirgi.

Akwai abin yabo a nan. Mutanen nan ba su musanta ƙasusuwan ba, kuma sun tsaya a kan cewa babu halittar da ta wanzu ba da hannun Allah ba. Wannan gaskiya ce da kowane mai bi zai riƙe. Amma sun ɗaure ta da abubuwa biyu da ba su da ƙarfinta.

Na farko shi ne lissafin shekaru. Babu ayar da ta faɗi shekarun duniya. Mutane ne suka haɗa jerin zuriya suka yi ƙidaya, kamar Bishop James Ussher wanda a 1650 ya tsayar da halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Masu binciken duwatsu kuwa, har da masu bi a cikinsu, suna auna tokar aman wuta da ke sama da ƙasan ƙasusuwan, suna samun cewa dainoso sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Ba a taɓa samun ƙashin mutum a shimfiɗar dutse ɗaya da nasu ba. An daɗe ana nuna waɗansu sawaye a kogin Paluxy na jihar Teksas, wai na mutum ne kusa da na dainoso, har aka yi fim a kansu. A 1986 masu wannan koyarwa da kansu suka fara janye hujjar. Ina makomar wanda ya jingina bangaskiyarsa ga sawayen nan?

Na biyu shi ne yadda suke karanta Ayuba sura 40. Suna cewa Behemot dainoso ce mai dogon wuya, domin an kamanta wutsiyarta da itacen al'ul. Masu sharhi da yawa sun ɗauke ta dorina ce ko giwa, ganin tana kwance cikin fadama, kogi ya cika bai razana ta ba. Ko wace ce ita, Ubangiji ya nuna ta ga mutumin da ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya, yana neman a ba shi dalili. Tun a sura 38 an tambaye shi inda yake sa'ad da aka kafa harsashin duniya, a ƙarshe ya yi shiru ya tuba. Nassin da aka bayar domin ya ƙasƙantar da sanin mutum, an mai da shi hujjar cewa mun san ranar da aka yi kome.

Wannan gargaɗi ba sabo ba ne. Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya ja kunnen Kirista kada su yi ta faɗin abin da ba su sani ba game da ƙasa da taurari da dabbobi da sunan Nassi, domin wanda ya san kuskurensu a nan zai ƙi jinsu a kan tashin matattu. William Buckland kuwa, wanda ya fara bayyana dainoso a kimiyyance a 1824, limamin ikilisiyar Ingila ne. Ya yarda duniya ta tsufa ƙwarai, bai kuwa bar Mahaliccinsa ba.

'Yan'uwa, akwai masu bi na gaskiya da suke ɗaukar kwanakin halitta a kan sa'a 24, akwai waɗanda suke ɗaukarsu dogayen zamanai, jinin Almasihu ɗaya ne ya fanshe su duka. Kuskuren shi ne a ce wa yaro in lissafin Ussher ya faɗi, gicciye ma ya faɗi. Ranar da ya shiga jami'a ya ga yadda ake auna dutse, zai zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Gara mu ce masa Allah ne ya yi dabbar nan mai haƙora 500, ya ciyar da ita a bakin koguna inda yau sai rairayi, ya ji daɗin aikinsa tun babu idon mutum da zai gani. Sauran tambayar kuwa, ya je ya yi bincike da tsoron Allah, ba tare da fargaba ba.