Jinjina Ga Masu Gyaran Birki

Yabon gwani ya zama dole. Duk direban tirelar da ya sauko daga Hawan Kibo lafiya, akwai hannun wani mai gyaran birki a cikin isarsa gida, ko da bai san sunansa ba.

Leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ga aiki. Ana kawo durom ɗin birki cikinsa duk zane, domin lainin ya cinye har ƙusoshi sun fara cin ƙarfe. Maigida zai shafa shi da yatsa, ya gwada faɗinsa, sannan ya ɗora a injin sassaƙa ƙarfe. Yana juyawa ana fere shi kaɗan-kaɗan, har cikin ya koma sumul. Yaron shago kuwa ya ɓamɓare tsohon lainin daga jikin shu, ya kankare tsatsa, ya ɗora sabo, ya dasa ƙusoshi su nutse ciki don kada su taɓa durom.

Inda suka fi cancantar yabo shi ne wajen faɗin gaskiya. Kowane durom yana da iyakar da za a iya fere shi. Idan ya wuce nan, ya yi siriri, zafi na iya tsaga shi a kan gangara. Gwani na gari zai ce, "Alhaji, wannan ya gama aiki, a sayi wani," ko da zai rasa kuɗin aikinsa. Kuma ba ya gyara ƙafa ɗaya ya bar 'yar'uwarta, don kada mota ta riƙa fizga gefe.

Suna shaƙar ƙurar lainin mai cutar da huhu domin mu isa lafiya. Allah ya yi wa sana'arsu albarka, ya kare lafiyarsu.