Kara-Kara ba ta rasa masu tarbiyya ba

Kalmar da ta fi yawo a bakin manya yanzu ita ce tarbiyya. A rediyo, a bikin raba kyauta na ƙarshen shekara a lakwal, a tarurrukan ƙungiyoyi, magana ɗaya ce: ƙasa ta lalace ne don matasa sun lalace, magani kuwa a samo dattawa su zauna da su, su koya musu gaskiya da riƙon amana. Ni ban ƙi maganar ba. Amma duk wanda zai sake maimaita ta, ina roƙonsa ya fara kallon fim ɗin Zinder, wanda Aïcha Macky ta fitar a 2021.

Ga wanda bai gani ba: Aïcha ƴar Damagaram ce, ita ta yi L'arbre sans fruit a 2016. A wannan karon ta ɗauki kyamara ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da daɗewa, inda ƴaƴa da jikoki suka gaji wariyar ko da ba su gaji cutar ba. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne suna magana da Hausarsu. Ta bi samarin pale, waɗannan gungu-gungun da kowa a Damagaram ya san labarinsu: akwai shugaban wani pale mai ɗaga ƙarfe, akwai wanda ya tuba ya koma kabu-kabu, akwai mai safarar esansi daga iyakar Najeriya.

Abin da na gani a fim ɗin, wanda masu wa'azin tarbiyya ba su son a faɗa, shi ne pale kansa makaranta ce. Akwai babba, akwai ƙarami. Babba ne yake koya maka ɗaga ƙarfe, shi ke nuna maka inda za ka tsaya da inda za ka gudu. Kowa a garin ya san in aka sare ka su za su kai ka likita, in ka shiga kaso su za su kai maka abinci. Har amana suna da ita, mai tsanani ma: ba a tona asirin ɗan'uwa. To ashe yaron nan bai rasa mai riƙe hannunsa ba. Ya samu, kuma wanda ya samu yana nan safe da yamma, ba ranar taro kaɗai ba.

Ku dubi zancen sunan Hitler da gungun ya laƙaba wa kansa, har da tutar Nazi a kan babur. Bature in ya gani sai jikinsa ya yi sanyi. Amma da aka saurari mai tutar, sai ga shi a saninsa Hitler wani jarumi ne na Amurka. Dariya ta zo mini, sannan ta koma ciki. Yaro yana neman wanda zai yi koyi da shi, ya duba gari bai ga kowa ba, ya tsinci suna a hanya ya rataya. Damagaram mai Tanimun, mai birni da tarihi, ba wanda ya tsallaka ya ba shi ko labari ɗaya.

Sai mai esansi. Tun ƙarshen 2011 matatar SORAZ take aiki a arewacin garin, amma lokacin da aka ɗauki fim ɗin man Najeriya ya fi araha saboda tallafin da gwamnatin can take sa masa, wanda sai a 2023 aka cire. Shi ya sa kwalaben ruwa-ruwa suka cika bakin titi, kuma mai saye har da masu albashi da masu kaki. To a ce an kira wannan mai safara taron tarbiyya, an ba shi riga mai rubutu da kuɗin mota, an ce masa ya bi doka. Shi fa kullum a hanya yake, ya san shinge nawa ne, ya san abin da ake miƙawa a wuce. Darasin da ya ɗauka a hanya ya fi na zauren taro ƙarfi, don shi na hanya da kuɗinsa ya biya.

A nan wani zai ce a dawo da samariya ta zamanin Kunce. Iyayenmu suna ambatonta da kewa, kuma ba ƙarya suke ba: daga 1974 zuwa rasuwarsa a 1987 samari sun gina azuzuwa, sun share gari, sun shuka itatuwa, kowace unguwa da sarkin samarinta. Amma biyayya aka koya musu, kuma biyayya daban, gaskiya daban. Mai biyayya yana da kirki muddin na sama yana da kirki. A fadar Kuncen nan Bonkano ya tara dukiyar da kowa ke zancenta, har ya yi yunƙurin juyin mulki a 1983 ya tsere. Wane sarkin samari ne ya isa ya buɗe baki? Matasan da suka buɗe baki su ne ɗaliban da suka hau gadar Kennedy a Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, aka harbe uku. Su kuwa a hannun yayyensu na ƙungiyar ɗalibai suka koyi cewa akwai ranar da ake cewa a'a. Kodayake kada mu cika yabon kanmu: mu ma a jami'a muna da namu masu ƙirji, kuma wanda ya saci amsa a bak bai da bakin zagin mai ruwa-ruwa.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne iyakar da kyamarar ta tsaya. Aïcha ta iya ɗaukar jiki: tabon wuƙa a kafaɗa, damtse, gumi, duk ta matso da su har kana jin kamar ka taɓa. Yana da kyau, wataƙila ma ya yi kyau da yawa, don mai kallo a Faransa zai iya tashi da tunanin cewa cutar tana Kara-Kara ne kawai. Na so kyamarar ta bi kuɗin ta tsallaka titi, ta shiga gidajen masu katanga. Wa ke neman waɗannan ƙarti in zaɓe ya matso? A 2020 ne binciken sayen makamai na ma'aikatar tsaro ya fito da zancen biliyoyin sefa da suka salwanta, a lokacin da ake binne sojojin Inates da Shinagodar. Waɗanda suka yi wannan ba a pale suka tashi ba. Sun yi lakwal, sun yi makarantar allo, sun sha nasiha har ta ishe su. Na san ba a buɗe wa kyamara irin waɗannan ƙofofin, kuma shiga Kara-Kara kaɗai, mace da ita, ba ƙaramin aiki ba ne. Duk da haka rabin labarin ne.

Mutumin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai kabu-kabun nan. Ba ya wa'azi. Yana faɗin abin da ya aikata da bakinsa, kana gani yana cinsa a zuciya. In akwai wanda ƙaramin ɗan pale zai saurara, shi ne, don ya san farashin fita kuma ya biya. Irinsa na gani a garejojin Maraɗi: maigidan da zai canza wa mota ƙarfe, ya kira yaronsa ya ce kai wa mai ita tsohon, ya gani da idonsa. Bai ce komai a kan amana ba. Yaron ya ga an bar kuɗin da za a iya ci, kuma da rana maigidan ne zai saya masa abinci.

Shi ma shugaban masu ɗaga ƙarfen, burinsa a fim ɗin ba wani abu ba ne illa ya mai da yaransa kamfanin gadi, su ci halak da ƙarfin da Allah ya ba su. Wannan yana buƙatar takardu, da kayan aiki, da wani mai shago ko mai sito da zai yarda ya ba ɗan Kara-Kara makulli ya je gida ya yi barci. A cikin dattawan da ke hawa rediyo suna kukan lalacewar matasa, da yawa suna da shaguna a Kasuwar Dole.