Alƙalamin da Ya San Kuɗin Cefane

Ranar Lahadi ake cin kasuwar Filinge. A nan na fara ganin littattafan Kano shimfiɗe a tabarma kusa da masu turare da carbi, takardarsu mai araha, bangonsu ya sha rana. Mu 'yan Kurfai da maƙwabtanmu na Tondikandiya, wanda duk ya shiga lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci ya koyi karatu, saboda haka Hausar boko sai da lalube. Amma littafi ɗaya kan zaga gida-gida. Yarinyar da bakinta ya fi sakewa ta karanta da ƙarfi, iyaye mata suna aikin hannunsu suna saurare. A irin wannan zama na san Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

An haife ta a Kano a 1959, ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba, auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Daga baya ta ci gaba da karatu a ajin ilimin manya. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Ta kasance cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama ta Kano.

Abin da ya ɗaure ni da rubutunta shi ne ta san lissafin gida. Marubuta da yawa in za su nuna mugun miji sai su sa shi duka da zagi. Ita kuwa a Alhaki Kuykuyo Ne ta bi ta aljihu. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, matarsa Rabi tana da 'ya'ya tara, abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai gidan ko'ina, alhali kuɗinsa na tafiya wajen Delu, macen bariki da ya ƙare da aurowa. Kafin a kai ga korar Rabi, mai karatu ya riga ya auna tukunyar da idonsa, ya ga ba za ta ishi bakunan nan ba. Wannan ba a koyonsa a aji. Sai wadda ta taɓa tsayawa gaban murhu tana raba tuwo, tana rage nata don na ƙaramin ya cika.

Da aka kore ta, Rabi ba ta zauna kuka shafi goma ba. Ta ɗora tukunya ta shiga sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta da karatunsu. A nan tarbiyya ta shigo, ba da wa'azi ba. Muna ganin Saudatu, 'yarta, yadda take gaisuwa, yadda take kama wa uwarta aiki, yadda take kame kanta gaban baƙo, har natsuwar nan ta kai ta gidan aure, gidan Alhaji Abubakar. Marubuciyar ba ta tsaya tana ce mana Rabi uwa ce tagari ba. Ta bar 'yar ta zama shaida.

Sai kunne. Maganar tsakar gida tana da hawa-hawa: akwai abin da ake faɗa wa miji, akwai wanda ake faɗa wa kaza don kishiya ta ji. Habaici, gugar zana, gatse, shirun da ya fi zagi zafi, duk Balaraba ta san inda kowanne ke zama. In dangin miji suka shigo sulhu, kowa da irin bakinsa. Ko an rufe sunayen za ka gane tsohuwa daga budurwa, ka gane mai neman gyara daga mai zuga. Wanda bai yi shekaru yana sauraron mata a gidan suna da gidan biki ba, ba zai iya wannan ba, ko da ya haddace ƙamus.

Yana da kyau a tuna yadda irin waɗannan littattafai suke samuwa. Matan Kano da suka cika kasuwa da labarai daga ƙarshen shekarun 1980 galibi da biro suka rubuta, a littafin makaranta, cikin ɗan lokacin da aikin gida ya bari. Daga nan a kai wa mai buga tafireta ko kwamfuta, a biya maɗaba'a daga aljihu, a raba labarin kashi-kashi domin cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Ina ganin wannan matsi ya koyar da su abin da hutu ba ya koyarwa. Wadda ta san yaro zai iya farkawa kowane lokaci ba ta ɓata shafi wajen kwatanta gajimare, kuma dole ta ajiye kowane kashi a inda mai karatu zai koma kasuwa neman ci gaba.

A Wa Zai Auri Jahila? Balaraba ta taɓo tabon kanta: Abu, da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, ta gudu birni ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta ba yarinyar hanyar fita. Rabi kuwa ba ta samu haka ba. Bayan gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, arziki ya ƙare, sai aka taru a kan Rabi da ban baki har ta koma gidansa. Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Chennai a Indiya ya buga shi a 2012, masu karatu a can ma suka gamu da wannan ƙarshe mai ɗaci.

Daren da aka karanta mana wannan wuri, gardama ta kaure a tsakar gidanmu. 'Yan mata suka ce an cuci Rabi, marubuciyar ma ta cuce ta. Innata, wadda ba ta ce uffan ba tun farkon littafin, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta ce wa mai karatun, “'Yar nan, koma baya kaɗan, wurin da suka zo ba ta haƙuri. Sake karanta mini shi a hankali.”