Babin Ginin Kalma a Littattafan Ingilishi: Sharhi Daga Batsari da Safana

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin 2022 na koyarwa da harshen uwa a firamare, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Nauyin wannan mataki ya fi sauka a kan yaro irin na Ruma ko Runka, a ƙananan hukumomin Batsari da Safana, wanda daga gida har kasuwa Hausa ko Fulatanci yake ji, kuma rashin tsaro a gefen Dajin Rugu ya sha katse masa karatu. Don haka ya kamata a sake duba yadda littattafan makaranta suke gabatar masa da babin ginin kalma da alamomin rubutu.

Tsarin babin sananne ne. Akan kawo saiwa, a liƙa mata ɗafa-goshi ko ɗafa-ƙeya, watau kamar *unkind* da *teacher* da *books*. Daga nan sai a jero *man/men* da *foot/feet*, a ce sun saɓa wa ƙa'ida, a haddace su. Babu ƙarya a cikin wannan bayani. Aibinsa shi ne ya ɗauki ɗalibin tamkar bai taɓa gina kalma ba, alhali kuwa tun kafin ya shiga aji yana fitar da manomi daga noma, da maharbi daga harbi, da Rumawa daga Ruma. Aikin da *-er* yake yi a ƙeya shi ne *ma-* yake yi a goshi. Sauyin cikin kalma ma ba baƙonsa ba ne, domin yana cewa gulbi da gulabe, turmi da turame. Lalle hanyoyin ba ɗaya ba ne, tun da Hausa tana cusa wasali ta kuma ƙara ɗafi, Ingilishi kuwa musanya wasalin kawai yake yi, amma wanda ya san gulabe ba zai ɗauki *feet* abin al'ajabi ba.

Inda littattafan suka fi yin sake shi ne wajen harɗaɗɗun kalmomi. Ingilishi yakan ajiye jigon kalma a ƙarshe, Hausa kuwa a farko. *Racehorse* dokin sukuwa ne, *horse race* kuma sukuwar dawaki. Yaron da ba a nuna wa wannan juyi ba zai karanta daga hagu bisa al'adar harshensa, ya ɗauki doki a matsayin sukuwa. Jimla guda ta isa ta warware matsalar, to amma littafin da aka rubuta domin kowa da kowa ba shi da wurin wannan jimla. Haka abin yake ga aikatau. Tun 1960 F. W. Parsons ya bayyana tsarin rukunan aikatau na Hausa, inda saiwa ɗaya take ba da saya da sayo da saye da sayar. Ingilishi sai ya nemi *buy* da *buy up* da *sell*, abin da babin ɗafi ba ya taɓowa ko kusa.

Game da aya da waƙafi da ayar tambaya, bayanin littattafan ya wadatar, domin rubutun boko daga Turawa ya gaje su. Alamar nan mai kama da waƙafi a sama ita ce matsala. A Hausa baƙi take wakilta, kamar a sa'a da ma'ana, ko ta haɗu da *y* a 'ya'ya, wanda a Nijar ake rubutawa da *y* mai lanƙwasa. A Ingilishi ba ta da sauti: ko dai ta nuna an shafe harafi, kamar a *don't*, ko ta nuna mallaka. A nan ma akwai juyi. Hausa tana ɗora alamar mallaka a kan abin da aka mallaka, ta ce littafin Audu, Ingilishi kuwa a kan mai mallakar, ya ce *Audu's book*. Idan ɗalibi ya rubuta *book's Audu*, ƙa'ida ya bi, sai dai ta Hausa ce, kuma jan biro ba zai gaya masa haka ba.