Kayan da Olive MacLeod ta tarar a hanyar Mafoni

Kabari ne ya kawo Olive MacLeod Mafoni a ƙasar Barno. An kashe saurayinta Boyd Alexander, hafsan sojan Ingila mai yawon bincike, a yankin Wadai cikin Afrilun 1910, aka binne shi kusa da ƙaninsa Claud, wanda zazzaɓi ya yi ajalinsa a Mafoni tun 1904. Cikin Agustan 1910 ta baro gida tare da P. A. Talbot da matarsa Dorothy. Suka bi Neja da Binuwai zuwa Garwa, suka ratsa Lere, suka gangara kogin Logone har Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka leƙa Bagarmi, sannan suka ƙetare tafkin Chadi suka iso Barno a 1911. Labarin wannan tafiya shi ne Chiefs and Cities of Central Africa, wanda kamfanin Blackwood ya buga a 1912.

Wanda ya buɗe littafin da zaton zai karanta makoki zai sha mamaki. Matar ta haɗiye baƙin cikinta ta zuba wa kayan mutane ido, kuma a nan darajar littafin take. Turawan zamaninta sun fi damuwa da iyakoki da haraji da yawan bindigogin sarki. Ita kuwa sai ta tsaya a kan dogayen ɗakunan laka na Musgum, da kwalekwalen ciyawa na Buduma, da dawakin Sarkin Bagarmi Gauranga cikin lifidi, da kayan kiɗa da bushe-bushe na fada. Tana duba abu irin duban mai shirin saye: da me aka yi shi, yaya ake riƙe shi, wa ke da ikon amfani da shi. Hotuna da zane-zanen da ke ciki sun cike inda alƙalaminta ya gaza, kuma wasunsu sun fi rubutun amfani a yau.

Lokacin zuwanta ma ya ƙara wa shaidarta nauyi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da kashe Rabeh a Kusuri, shekara huɗu da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya zauna a Yerwa, gab da barikin Turawa na Mafoni. Birnin Maiduguri da muka sani bai gama tsayuwa ba, amma kayan tsohuwar daular Barno suna jikin mutane, ana sawa ana hawa da su. Abin da ta gani a matsayin kayan yau da kullum shi ne yau ya zama kayan tarihi.

Kuma ya fi ƙarfin aljihunmu. Tsohuwar rigar saƙi ko ta tsamiya mai aikin hannu, da sulke na gaske, da sirdi mai adon azurfa, da Alƙur'ani rubutun hannu da hatimin malaman Barno cikin gafakarsa, duk da fam da dala ake maganarsu a gidajen gwanjo na Turai. Na gida kuma kullum raguwa suke yi. Gara ta ci nata, gobara ta ci, rikicin da ya taso daga 2009 ya tarwatsa gidaje da akwatunansu, ambaliyar Satumbar 2024 ta zo ta ƙara. Gidan da ya tsira da rigar kaka ba ya sayarwa, wanda ya sayar kuwa ba ɗan unguwa ne ke iya taya masa ba. Kayan da MacLeod ta kwaso da kanta, wasu suna gidan tarihin Birtaniya a Landan, wasu a na garin Maidstone. Su ma kallonsu sai da biza da kuɗin jirgi.

Shi kansa littafin ya bi sahu. Bugun farko mai lafiyayyen bango, da taswirarsa ba ta yage ba, kuɗinsa a wurin dillalan tsofaffin littattafai yakan haura naira 70,000, mafi ƙarancin albashin wata a Najeriya, kafin a zo maganar kuɗin aikowa. Ni dai na daina taya irin waɗannan.

Yabon da nake yi mata yana da iyaka. Sarakuna suna da suna a littafin, Turawa suna da suna, har 'ya'yan zaki biyu da ayarin ya yi reno an raɗa musu suna. Masaƙi da maƙeri da baduku da suka yi kayan da take sha'awa kuwa, ƙabilarsu kawai ake ambata. Wannan rashi ya fi yi mini ciwo a kan kalaman raini da ke faɗo mata nan da can, don raini ana iya tsallake shi a ci gaba da karatu, sunan da ba a rubuta ba kuwa ya tafi ke nan. Haka kuma ba ta cika tsayawa ta auna matsayinta ba. Kyautar da sarki ya yi wa baƙuwar da ta zo da rakiyar masu mulkin ƙasarsa ba kyauta ce zalla ba, akwai lallashi a ciki, akwai tsoro. Mai karatu ne zai riƙa cusa wannan tsakanin layuka.

Duk da haka ban ga dalilin da zai hana malamin tarihi a Jami'ar Maiduguri, ko mai ɗinkin hula da ke neman tsohon zane, ya amfana da littafin ba. Haƙƙin mallakarsa ya ƙare, an ɗauki hoton shafukansa an sa a Internet Archive kyauta, sai dai hotunan ba su fita tas kamar na takarda ba. Mai nema ya rubuta Maifoni, don kuwa haka Turawan lokacin suke rubuta sunan. MacLeod ta dawo Najeriya bayan ta auri Charles Temple a 1912, kuma ita ta tattara kundin bayanan ƙabilu da masarautun Arewa da ya fito a 1919. Wancan ya fi yawan bayani, amma daga rahotannin jami'ai aka haɗa shi. Wannan na 1912 da idonta ta gani.