Lauyan mai ƙara, zauna da shaidarka kafin ka rubuta masa

Tun da Babbar Kotun Legas ta fito da sababbin dokokinta a 2004, sauran jihohi suka bi sahu, shari'ar fili da bashi da kwangila ta sauya kama. A da shaida kan tsaya a akwati ya ba da labari da bakinsa, lauyansa na jan sa da tambaya. Yanzu rubuta bayaninsa ake yi, ya rantse a kai, a shigar tare da takardar ƙara tun ranar farko. Ranar zama sai ya amsa cewa bayanin nasa ne, daga nan a bar shi da lauyan wanda ake ƙara.

Tsarin ya rage ɓata lokaci, ban musa ba. Amma ya koya wa da yawa daga cikinmu wata mummunar ɗabi'a: lauya ya saurari mutum na minti goma, ya buɗe kwamfuta, ya kwafe takardar ƙarar ya mai da ita bayanin shaida, da Turancin da ko mai digiri sai ya yi tuntuɓe a ciki. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba sai ya dangwala yatsa. Shaidu uku, kalmomi iri ɗaya, har da waƙafi.

Na taɓa zama a kotu ana wata shari'ar gona. Lauyan wanda ake ƙara ya tambayi shaida ta bakin tafinta: "Baba, wa ke maƙwabtaka da gonar ta gabas?" Ya faɗi suna ba tare da inda-inda ba, don a wurin ya girma. Sunan da ke takarda daban ne. Ya ce, "Ni ban faɗi haka ba." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta rusa ƙarar. Har yau abin na ci mini rai, domin mutumin bai yi ƙarya ba, alƙalamin lauyansa ne ya yi.

Mu da ke tsaya wa mai ƙara mu ne wannan sakaci ya fi yi wa illa. Sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora nauyin hujja a kan mai da'awa, kamar yadda yake a kotun shari'ar Musulunci. A rikicin mallakar fili kuwa, da ƙarfin hujjarka za ka ci, raunin abokin shari'a ba ya ba ka gona. Batun harshe ma Kotun Ƙoli ta yi magana a kai a shari'ar Gundiri da Nyako, kan zaɓen gwamnan Adamawa na 2012: shaidun da suka ba da bayani da Hausa, aka kawo na Turanci kawai ba tare da na Hausar ba, shaidarsu ba ta yi amfani ba.

Don haka, abokin aiki, ba shaidarka yini guda. Bar shi ya yi magana yadda ya saba, rubuta da Hausa, a fassara, tafinta ya sa hannu, ka shigar da duka biyun. Abin da bai gani da idonsa ba, cire shi ko da zai ƙawata ƙarar. Je ka taka gonar da ƙafarka. Kafin a shigar da ƙarar, karanta masa bayanin layi-layi, ka titsiye shi da tambayoyin da suka fi na abokin hamayya zafi. In ya ce "ba haka na ce ba", gara ya faɗa maka a ofis, ka gyara tun kafin ya rantse.